Tarihin Adon Ɗaki da Wurin Yaro a Ƙasar Madarunfa

 A wanga fito na jaridar ƙungiyarmu muna so mu yi magana a kan wani abu da ake ɗauka ƙarami, wato ɗakin da ɗiyanmu ke buɗe ido a cikinsa. Kowace shekara ƴan bida suna aiko da kuɗi don gyaran ɗaki, na amarya ko na mai jego, kuma kowace shekara ana jin gidan da aka ci bashi ko aka jinginar da gona saboda haka. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi baya, mu ga yadda kakanninmu suka yi, da yadda abin ya canza, da inda yaro ya tsaya cikin wannan canji duka.

I. Zamanin ƙwarya da tabarma

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Daga nan kusan shekara ɗari ƙasar nan ba ta rabu da yaƙi da hari ba. Jama'a suka takura cikin kwarin gulbi, kusa da ruwa da duhun itatuwa, inda doki ba ya iya sukuwa. Mutumin da ke zaune cikin irin wannan hali ba ya tara kaya masu nauyi. Ɗakin mace a lokacin kago ne ko bukka, kuma duk abin da ke ciki ana iya ɗaure shi a kan jaki ko a ɗauka a ka.

Amma kada wani ya zaci ɗakin ba shi da ado. Kafin a kai amarya, mata sukan taru su yi daɓe. A zuba ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har ƙasa ta yi santsi ta yi ja. Bango a shafe shi da farar ƙasa, wasu su zagaya gindinsa da jar ƙasa. Sa'an nan a yi jere: ƙorai masu zane, babba a ƙasa ƙarama a sama, kowace da faifanta mai launi. A rataya tabarmin kaba a jikin bango, a sa asabari a bakin ƙofa, a ajiye adudu inda uwa ke ɓoye zannuwanta na saƙi. Gado kuwa na kara ne, ko na ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin ɗari da lokacin jego.

In muka dubi waɗannan kaya ɗaya bayan ɗaya, za mu ga ba wanda ya zo daga nesa. Duma a bayan gida aka shuka shi. Kaba daga goriba take. Auduga uwar amarya ta kaɗa da mazarinta, masaƙin gari ya saƙa. Ƙwarya in ta fashe gyartai ya ɗinke. Saboda haka darajar ɗaki tana nuna aikin hannun uwa da yawan dangi da ƙawayen da suka kawo gudummawa. Wata baturiyar Amurka mai suna Barbara Cooper, wadda ta rubuta littafi a 1997 a kan tarihin aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta yi bayanin wannan sosai, kuma tsofaffinmu ba su bukatar littafi kafin su gaskata shi.

To ina yaro a cikin wannan ɗaki? Yaro ba shi da ɗaki nasa. Ɗakinsa na farko bayan uwarsa ne, da zane da majanyi. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, ta yi wankan jego kwana 40, ta sha kunun kanwa. Ran suna, kwana 7 da haihuwa, wanzami ya yi aski, dangi su kawo barka. Daga nan jariri yana kwana a jikin uwarsa har yaye, wajen shekara 2, sai a kai shi ɗakin kaka. Namiji in ya tasa ya koma zaure ko wajen malam, mace ta zauna wajen tsohuwa. Duk da haka ɗakin uwa ya dace da yaro ƙwarai, don kome na cikinsa a ƙasa yake. Daɓen yana da faɗi da tsabta, yaro ya yi rarrafe yadda ya so. In ya jawo ƙwarya ta faɗo kansa, ba ta rauni. Idonsa kuma yana cin zanen faifai da na tabarma tun bai san sunan launi ba.

Kayan wasa ma ba saye ake ba. Yayye ke yi wa ƙanne. Bayan girbi kara ya wadata, a yi dokin kara, daga baya da aka ga mota aka shiga yin motar kara. Bakin tabki a ɗebo laka a gina shanu da raƙuma a shanya. Ƴan mata su sami ƙashi ko kara su yi ƴar tsana, su yi mata kitso, su goya ta da ƙyalle. Yaron da ya fere kara ya haɗa ƙafafun mota ya riga ya koyi awo da haƙuri tun kafin ya taka ƙofar lakwal.

II. Zamanin gyaɗa da kwano

Da Nasara suka kama ƙasa a farkon ƙarni na 20, hari ya ƙare, mutane suka fita daga kwari suka sari gonaki a jigawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, kuma ba a daɗe ba ta jawo ƙasar Maraɗi. Ana bukatar kuɗin lanho, sai kowa ya duƙufa noman gyaɗa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kanti a Maraɗi, suna sayen gyaɗa suna sayar da yadi da fitila da kwano. A 1945 ruwan gulbi ya ci tsohon birnin Maraɗi, aka maida gari bisa tudu, aka shata tituna, gine-ginen shigifa masu kusurwa huɗu suka yawaita. Mu na karkara abin da muka gani a birni shi muka kwaikwaya.

A nan ne kwano ya kori ƙwarya daga jere. Da farko tasoshin tagulla da kwanonin Turai, daga baya masu furanni na Asiya, sa'an nan waɗanda aka riƙa ƙerawa a Najeriya. Iyayenmu mata sun san sunayensu duka: langa da kumbo da fanteka da kwalla, sai samira da ta zo daga baya. Aka riƙa lissafin ɗakin amarya da dozin. Gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo, aka ɗora masa katifa bisa katifa har sai an taka wani abu kafin a hau. Yadin kanti kuma ya karya kaɗi, mazari ya koma cikin adudu. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, don uwar da ke yin kayan ɗakin ɗiyarta da hannunta ta koma mai neman kuɗin saye. Daga nan adashi da biki da ƙananan sana'o'i na cikin gida suka ƙara ƙarfi, kuma talla ta ƙara nauyi a kan ƴan mata. Mu malaman lakwal mun san wannan tarihi ta wata hanya: kujerar yarinyar da ta zama wofi ranar kasuwa, sau da yawa kwanon jere ne ya tashe ta.

Bayan mulkin kai na 1960 gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, kuma waɗannan shekaru su ne ganiyar kuɗi a karkara. Sai farin 1973 ya zo, cuta ta bi gyaɗa a 1975, sai kuma farin 1984. A nan aka ga amfanin kwano. Matan da ke da jere sun riƙa cire shi ɗai-ɗai suna sayarwa suna awon hatsi, don haka dole mu yi wa kwano adalci. Ajiya ne na mace, wanda miji ba shi da iko a kansa, kuma ya ceci ɗiya da yawa daga yunwa. Amma ta wajen yaro ɗaki ya fara ƙunci. Gado ya cinye rabi, jere ya cinye bango, sai aka fara jin kalmar da ba a cika ji ba a zamanin ƙwarya: kul, kada ka taɓa.

III. Zamanin kabad da roba

Iyakar Najeriya tana kusa da mu, kuma duk abin da ya motsa a can yana motsa ɗakunanmu. An kori baƙi a 1983, ƴan bida da yawa suka dawo hannu wofi. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. Bayan haka darajar naira ta yi ta faɗuwa, kayan Kano da Katsina suka yi arha ga mai sefa, sai roba ta malalo ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa: tabarmar roba, bokitin roba, ledar ƙasa, furen roba. Masu saƙar kaba suka rasa kasuwa. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga ƙetare ya yi tsada, amma idon da ya saba da kayan kanti bai koma baya ba.

Daga nan sai gadon katako mai madubi, da kabad mai gilashi, da kujerun kushin, da labule daga sama har ƙasa. Waɗannan sun bambanta da kwano a abu guda mai muhimmanci. Kwano ana sayar da shi ɗai-ɗai ranar wahala, kuma yana shekara 30 bai lalace ba. Kabad na garin katako kuwa damina 2 ko 3 ta ishe shi, gara da laima su gama da shi, in an kai kasuwa ba mai tayawa. Wato mun bar abin da ke ajiya mun kama abin da ke cin kuɗi. Yanzu kuma wayar hannu tana kawo wa matasanmu hotunan ɗakin jariri na Turai da Dubai, da ɗan gado mai shinge da bango mai fenti, har wasu na ganin wanda bai yi haka ba bai fita kunyar ɗansa ba.

Ya kamata mu san asalin abin da muke kwaikwayo. A Turai ma ɗakin yaro na daban bai daɗe ba, a gidajen masu hali ya yaɗu cikin ƙarni na 19, talakawansu suna kwana ɗaki guda kamar mu. Kuma manyan masu ilmin tarbiyya da aka karantar da mu a makarantar horon malamai ba tsada suka yi wa wa'azi ba. Fröbel na Jamus, wanda ya raɗa sunan lambun yara a 1840, kayan aikinsa ƙwallon zare ne da guntayen katako da yashi da laka. Pauline Kergomard, wadda ta jagoranci makarantun ƙananan yara na Faransa tun daga 1881, ta nace cewa wasa shi ne aikin yaro. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Roma, kuma babban abin da ta yi shi ne ta sauko da kome ƙasa daidai tsawon yaro, ta bar shi ya taɓa. In mun duba da kyau, ɗakin kakarmu mai daɓe da faifai ya fi kusa da koyarwar waɗannan mutane bisa ga ɗakin kabad.

IV. Abin da zamani ya kawo na alheri

Ba mu cewa duk na da shi ne daidai. Tsofaffi sun fi mu sanin ɗiya nawa aka rufe a wancan zamani. Hayaƙin gadon ƙasa yana cutar ƙirjin jariri, aci-bal-bal ta ƙone bukkoki, sauro kuma ba a san shi ne mai kawo masassara ba. Mu da ke zaune bakin tabki da gulbi, babu adon da ya kai sange daraja a ɗakin yaro. A watan Disamba na 2005 an raba sange mai magani fiye da miliyan 2 a faɗin Nijar tare da rigakafin shan inna. A 2006 gwamnati ta yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likita. A 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin masassara na watannin damina, kuma Madarunfa tana cikin wuraren farko. Fitilar hasken rana ta rage gobara da hayaƙin kananzir. Siminti a ƙasa yana da sauƙin wanki. Waɗannan duka mu riƙe su da hannu biyu. Abin baƙin ciki shi ne a shiga ɗaki a tarar da kabad cike da tangaran, sange kuwa an kai shi lambu an rufe irin tumatir da shi.

V. Shawara ga ƴan ƙungiya

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ga abin da muke gani tarihin nan ya koya mana, kuma kowane gida yana iya yi ba tare da bashi ba.

Na farko, a bar wa yaro fili. Kafin a shigo da kujera ta uku, a auna a ƙasa wurin da tabarma guda za ta shimfiɗu sosai, a ce nan na yaro ne. Tabarmar kaba ta fi ta roba sanyi lokacin bazara, kuma kuɗinta a hannun makwabciya zai tsaya.

Na biyu, bango. Farar ƙasa tana haskaka ɗaki, tana sa a ga sauro da kunama, kuma ana sabunta ta kowace salla da kuɗi kaɗan. A gindin bango, daidai tsawon yaro, a shafe wuri kamu 3 ko 4 da garin gawayi da aka dama da ƙaro, ya zama allon zane. Yaron da ke da wurin zane ba ya ɓata sauran bango. A yi hattara da fentin mai wanda ba a san asalinsa ba, don wani yana ɗauke da dalma, yaro kuwa yana ɓantarar bango ya kai baki, dalma kuma tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Na uku, abin kallo. Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke kusa da shi, kuma ya fi kula da baƙi da fari da launi mai ƙarfi. Ƙananan faya-fayi 3 ko 4 da aka ɗaure da igiya mai ƙarfi a jikin azara, inda hannunsa ba ya kai, sun ishe shi kallo in iska na juya su. Ƙyallayen da tela ke zubarwa, in an haɗa an ɗinke, sun zama shimfiɗa ko labule mai kyau. In yaro ya kai shekara 3, a liƙa masa baƙaƙen Larabci da na boko da lambobi daga 1 zuwa 10 a jikin kwali. Ɗaliban lakwal na gidan su zana masa tarwaɗa da karfasa na tabkinmu, da shamuwa da balbela. Gidan da ba a son hoton mai rai, zanen dagi da na ƙwarya sun wadatar.

Na huɗu, a ba shi ma'aji. Kwando ko tsohuwar ƙwarya inda zai tara motar kararsa da ƴar tsanarsa, da ƙusa ƙasa-ƙasa inda zai rataya allonsa da rigarsa. Daga nan ake koyon tsari, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, a kawar da haɗari. Kananzir da fiya-fiya da maganin gona kada a zuba su cikin kwalbar lemo, kada su kwana ɗakin da yaro ke kwana. Kabad in ya riga ya shigo, a ɗaure shi da bango, don mai koyon tsayuwa kome ya samu kamawa yake. Wuri da tsakiya da ƙananan batura a nisanta su da bakinsa. Bokitin ruwa a rufe.

Ku ƴan uwanmu na wajen bida, mun san guminku, kuma mun san kunyar da ke sa mutum ya aiko da abin da ya fi ƙarfinsa don kada a ce ya tafi banza. Muna roƙonku, in za ku aiko da kuɗin suna ko na gyaran ɗaki, ku faɗi rabonsu da bakinku: wannan na sange da fitila, wannan na buhun siminti, wannan na tunkiyar da za a kiwata wa yaro. Tunkiya tana haihuwa, ranar shiga lakwal ita za ta sayi kaye da riga. Ku kuma iyayenmu mata, ku ne masu duba ɗaki ranar jere da ranar suna, kuma maganar da kuka yi a bakin ƙofa ita ke zama doka a gari. In kuka yaba ɗakin da ke da tsabta da fili da aikin hannu, gobe kowa shi zai yi. Iyayenmu maza, in limamai da masu unguwa suka sa baki, gasar kaya za ta ragu kamar yadda aka sha rage tsadar aure a garuruwa da dama in an haɗa kai.

A ƙarshe muna kawo wa taron ƙungiya na gaba shawara biyu. Ɗaya, a nemi tsofaffin da suka iya daɓe da saƙar faifai da zanen ƙwarya, a ba su ɗan abin goro su koya wa ƴan mata lokacin hutun lakwal, tun suna raye. Biyu, kowane gida da ke da tsohuwar ƙwaryar jere ko adudu ko mazari ya ba da aro, a ajiye a kusurwar aji guda da sunan mai shi, don ɗiyanmu su ga inda aka fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani a kan tarihin nan, musamman dattijan Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma, ƙofar jarida a buɗe take.

Allah shi raya mana zuriya, shi maido da matafiyanmu lafiya, shi ba mu damina mai albarka.